Katin Tara ga Oktoba

2 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Inna? Ka ce ƙafar ta saki, amma ba ka ce mini komai a kan cin abincinta ba, kuma na san halinka, abin da ba ka son faɗa tsallake shi kake yi kamar kududdufi. Mu nan lafiya lau. Auta tana ta fama da karatun nas, ta rame kamar ba a gidana take ci ba. Ni kuwa gwiwa ce kawai, ita ma sai in na hau bene.

Kada ka ce me ya hana ni bugo maka waya. Duk maganar da aka yi a wayarka Inna tana jin ta daga ɗakinta, don kurumtarta ta zaɓe ce. Ban da haka, shekara talatin da ɗaya ke nan ina buga hatimi a kan wasiƙun mutane a gidan waya, in ni ban rubuta ba wa zai rubuta?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin buhun hedkwata ya iso, ni na yanke igiyar da hannuna, ina cikin warewa sai na ga ambulan da sunana. Wai ran tara ga Oktoba zan cika shekara sittin, don haka in shirya miƙa makullin ɗakin rajista, in kuma bar gidan ma'aikata. Shugabanmu har da taya ni murna, wai ritayata ta faɗo daidai da Ranar Gidan Waya ta Duniya, za a haɗa shayin biyu wuri ɗaya. Na ce masa na gode da tattali.

Ƙanena, ban kai sittin ba, kuma ba son zuciya ke sa ni faɗa ba. Ka san yadda aka yi takardata. Baba ya riga ya rasu, Inna ta kai ni makaranta, hedimasta ya tambaye ta yaushe aka haife ni, ta ce ranar da gadar jirgin ƙasa ta karye. Shi kuwa ya rubuta kwanan wata da ka, wannan rubutun ne ya bi ni har yau. Ɗan asibitin da aka haife ni an rushe shi tun ina firamare, babu wata rajista da ta rage. A ganina hedimasta ne ya yi kuskuren shekara, ya ja gadar baya. Kai shekararka hamsin da huɗu, takardarka ta babban asibiti ce, ba ta da gardama. Inna kuma kullum cewa take yi ban daɗe da yaye ba ta samu cikinka. Wane yaro ake yayewa yana da shekara biyar?

Kai ne mai shirin Rana Irin Ta Yau a gidan rediyo. Kullum da safe kana gaya wa duniya ranar da aka haifi mutanen da ba su san da zamanka ba. To, yau ga 'yar uwarka ta zo. Ka duba mini ainihin shekarar da gadar nan ta karye, ka aiko mini a rubuce da hatimin ofishinku. An ba ni zuwa sha biyar ga Satumba in shigar da ƙorafi. In aka fitar da ni daga gidan nan yanzu, Auta saura mata shekara biyu, ban san inda zan ajiye ta ba. Ni kaina ban san abin da zan yi da ƙarfe bakwai na safe ba in ba ɗaura ɗankwali in fita ba.

Ka gaishe da Inna, amma kada ka gaya mata tukuna.

Yayarka.

14 ga Yuli

Yaya,

Na samu wasiƙarki. Kwana tara ta yi a hanya, sai ki gaya wa mutanenki. Muna lafiya. Inna tana cin abinci amma kaɗan, cokali biyar ko shida sai ta ture kwano. Likita ya ƙara mata ƙwaya ɗaya ta safe. Da hantsi tana zama a baranda tana yi wa masu wucewa gyaran tafiya. Maman yara tana gaishe ki. An mai da ita makarantar da ke can bayan tasha, sai la'asar take dawowa, shi ya sa Inna ke wuni ita da rediyo.

Na duba abin da kika ce. Na je har ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu, aka sauko mini da kundin shekarar, na ga hoton taragun a cikin ruwa da idona. Tara ga Oktoba ne, kuma bana shekara sittin cif. Hedimasta bai yi kuskure ba, abin da ke takardarki shi ne ke jarida. Na so in samu wani abu dabam, ban samu ba, kuma ba zan iya neman a buga hatimi a kan abin da ba haka yake ba.

Maganar yaye kuwa, kin san Inna da lissafi. Har gobe cewa take yi babban ɗana bai isa ya tuƙa mota ba, alhali 'yarsa ta shiga makaranta.

Ni dai a ganina kada ki ɗauki abin da zafi. Auta za ta iya komawa ɗakin kwanan ɗalibai, ba ita kaɗai ba ce. Ɗakin baya namu babu kowa a ciki tun da babban ya tashi. Taga biyu gare shi, ƙofarsa kuma tana kallon ta Inna. In kin ce a yi masa fenti sai a yi.

Ƙaninki.

23 ga Yuli

Malam mai tarihi,

Gaisuwa. Na ji daɗi da Inna ke fitowa baranda. Auta ta ce kada a riƙa ba ta sabuwar ƙwayar nan ciki babu komai.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Layi huɗu ka ba shekaruna, ɗakin baya kuwa har da ƙirga tagogi. Na roƙe ka ka tsaya mini, ashe kai ka riga ka auna inda gadona zai zauna. Da ka fito fili ka ce, Yaya, mun gaji da jinyar Inna, ki zo ki karɓa, da na fi ganin girmanka. Na san nauyin a kanku yake. Na san shekara shida ke nan ku ne wanka ku ne wanki, ni sai aike da hutun kwana goma. Ba sai an tuna mini da fenti ba.

Amma ban yarda ba. Ranar da aka sa ni aji ɗaya rajista ta ce shekarata tara. Ni kuwa ko famfara ban fara ba. Haƙorina na farko a ajin nan ya fita, malamarmu ta naɗe mini shi a takarda na kawo wa Inna. 'Yar shekara tara ce wannan? Ranar jana'izar Baba kuma, kana goye a bayan Inna, abu ɗaya kawai nake tunawa, takalman mutane jibge a bakin ƙofa. In takardar nan gaskiya ce, shekarata bakwai a ranar. 'Yar shekara bakwai ai sai ta tuna fuskar ubanta. Ni ba na tunawa, kuma abin nan ya daɗe yana cina, ina ganin kamar laifina ne.

Ban ce ka yi ƙarya ba, cewa na yi ka duba kamar abin ya dame ka. In wani farfesa ya bugo ya ce kun yi kuskuren ranar haihuwar wani sarki da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce, wuni kake yi kana tono, ko abinci ba ka ci. Ka yi mini rabin haka.

Jiya Shugaba ya kawo wadda za ta gaje ni, wai in koya mata aiki. Mai hankali ce, sai dai tana liƙa kan sarki a karkace, kuma Mama take ce mini. Ban taɓa jin na tsufa ba sai jiya.

Yayarka dai.

19 ga Agusta

Ƙanena,

Sati huɗu ke nan shiru. Na bi sawun wasiƙata, na san ta isa, kada ka ɗora wa mutanena. Na bugo sau biyu, sau ɗaya maiɗakinka ta ɗauka ta ce kana wanka, sau ɗaya kai ka ɗauka ka ce za ka shiga ɗakin watsa shiri. Da yamma ne, shirinka kuwa na safe ne.

In maganata ce ta yi zafi, ka san bakina tun ba yau ba, ka yi haƙuri. In kuma wani abu ne ya samu Inna kuke ɓoye mini, wannan ba zai yi daɗi tsakaninmu ba. Ina jin muryarka kullum a rediyon ɗakin ware wasiƙu, na san kana raye. Saura kwana ashirin da bakwai a rufe karɓar ƙorafi. In babu komai ka rubuta mini babu komai, in san inda na dosa.

Yayarka.

26 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Auta. Inna tana nan da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, doguwa ce.

Wasiƙarki ta Yuli ta ɓata mini rai, na ajiye ta na ce ba zan amsa ba sai na huce. Amma maganar fuskar Baba ta ƙi barina. Ranar Asabar biyu ga wata ina yanke wa Inna farce a baranda, sai na tambaye ta kamar da wasa.

Na ce, "Inna, wai ranar da aka haifi Yaya, wa ya zo ya gaya muku gada ta karye?"

Ta ce, "Wa zai gaya mini? Da kunnena na ji. Doguwar nas ɗin nan tana da rediyo a kan taga. An gama gyara ni, an kwantar mini da yarinya a gefe, sai mutumin ya ce jirgi ya faɗa ruwa da mutane. Na yi salati na rungume 'yata."

Na ce, "Hankalin mutanen ɗakin ya tashi ke nan."

Ta ce, "Ina fa. Nas ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce a raina, mutanen birni ba su da tausayi. Sai aka buga 'yar ƙararrawa, ya ce kuma an haifi wani mai kiɗa a ƙasar Turawa. Na ce wa nas, ashe yau mata da yawa sun sauka. Amma yaya aka yi suka san mai kiɗa zai zama tun yana jariri? Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ba ta ba ni amsa ba."

Yaya, saura kaɗan in yanke mata yatsa. Ba a buga ƙararrawa a labarai. Shiri ɗaya ne a gidanmu ake buga ta tsakanin abin da ya faru da waɗanda aka haifa, kuma ni nake danna ta kowace safiya. Ba labarai Inna ta ji ba, Rana Irin Ta Yau ta ji. A lokacin shekararta ɗaya kacal a birni. Sa'ad da gadar ta karye tana can ƙauyensu inda babu rediyo, gadar kuma tana wancan ƙarshen ƙasa, labarin bai taɓa isa kunnenta ba sai ranar.

Ranar Litinin na sauka ɗakin ajiyarmu. Yanzu a kwamfuta muke aiki, amma akwatin wanda ya fara shirin yana nan, aljihu goma sha biyu, kowane wata da aljihunsa, kowace rana da katinta. Minti biyar ba ya isa a karanta duk abin da ke kati, don haka dokarsa ita ce, kowace shekara a zaɓi layi biyu ko uku, a rubuta shekarar da fensir a gefen layin da aka karanta, don kada a maimaita baɗi. Na ciro katin tara ga Oktoba. Akwai yarjejeniyar gidajen waya na duniya ta 1874, akwai 'yancin kan Uganda, akwai gada, akwai wani mai kiɗa ɗan Faransa da aka haifa a 1835. Shi ne jaririn Inna.

Shirin kansa bai fara ba sai shekara biyu bayan gada. A shekararsa ta farko gidan waya da Uganda aka karanta. A ta biyu, wato shekara uku bayan gada, aka karanta gada da mai kiɗa. Ba a sake taɓa mai kiɗan ba sai bayan shekara goma sha ɗaya, lokacin kina gab da gama firamare. Rana da wata daidai suke a takardarki, shekarar ce ba taki ba. Ran tara ga Oktoba hamsin da bakwai za ki cika. Shekararki huɗu Baba ya rasu, ba laifinki ba ne da ba ki tuna fuskarsa.

Yanzu ki lura da kwanan wata. Huɗu ga Agusta na gano wannan, yau ashirin da shida. Abin da kika zarge ni da shi a Yuli, wallahi a lokacin ban yi ba. A Agusta na yi shi. Na ɗauki kwafin katin na sa a aljihun teburina na kulle, kullum in buɗe in duba in mayar. Na ce a raina in na yi shiru zuwa sha biyar ga Satumba shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani.

Ga dalili, ko da yake ba uzuri ba ne. A ƙarshen Yuni Inna ta faɗi a banɗaki babu kowa a gida. Tun hantsi tana ƙasa har Maman yara ta dawo da la'asar. Ba ta karye ba, shi ne na ce miki wai ƙafa ce. Tun ranar, ina cikin karanta shiri hankalina yana gida. Maman yara ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, amma na same ta tana kuka a kicin. Na gaji, Yaya, kuma ina jin tsoro. Ina son ki dawo, shi ne gaskiya.

Ga kwafin katin gaba da baya, da takardar shugaban ɗakin ajiya da hatiminsa. Ki yi mini duk faɗan da kika ga dama.

Ƙaninki.

2 ga Satumba

Ƙanena,

Na gode. Ina fata Inna tana ƙara samun ƙarfi. Maganar sati uku a aljihun tebur ba ta takarda ba ce, ido da ido za mu yi ta. Faɗuwar da ka ɓoye mini ta fi ta ciwo. Na zauna a kan buhun wasiƙu, wadda za ta gaje ni ta kawo mini ruwa. Ku nemi mace mai amana ta riƙa wuni da ita, ni zan ɗauki nauyin, tun daga wannan watan. Ka ce wa maiɗakinka na san abin da take yi mana, Allah ya saka mata.

Jiya na hau mota na kai takardun hedkwata da kaina. Jami'in ma'aikata ya ji daɗin labarin ƙwarai, har ya kira na ofishin kusa su zo su ji zancen jariri mai kiɗa. Da suka gama dariya sai ya ce, "Hajiya, katin nan ya nuna ranar da aka karanta shiri, bai nuna ranar da aka haife ki ba. Abin da ya haɗa su bakin mahaifiyarki ne. Ta yi takardar rantsuwa a gaban magatakardar kotu cewa ga abin da ta ji ranar, ta dangwala yatsa. In wannan ta iso teburina kafin sha biyar ga wata, zan tura, kuma ina ganin za a duba."

Ga fom ɗin nan na cike komai, saura yatsanta da hatimin kotu. Ka yi mata bayani a hankali, kada ta ji kamar ana cewa ta yi wauta. Kada ka jefa amsar a akwati, ka yi mata rajista ta gaggawa, ka rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Tun da na karanta wasiƙarka nake jin jikina wasai. Yau na hau benen ofis ban riƙe ƙarfe ba.

Yayarka 'yar hamsin da bakwai.

10 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Mun samu matar da za ta riƙa wuni da Inna, tsohuwar mai shara ce a makarantar Maman yara. Sun riga sun yi faɗa sau biyu, alamar za su shirya ke nan.

Ranar Litinin da la'asar na zauna na yi wa Inna bayani. Na ɗauka za ta yi gardama, sai ta fashe da dariya har hawaye. Ta ce, "Ashe shi ya sa nas ɗin nan ta yi ta dariya. Shekara hamsin da bakwai ina jin haushin baiwar Allah a banza." Da bakinta ta faɗi hamsin da bakwai, ba ni na sa mata ba. Ta sa na maimaita mata shekarun mai kiɗan sau biyu, ta ce lallai jaririn ya girma.

Jiya na ɗauko magatakarda a motata. Inna ta sa sabon mayafi, ta sa aka ba shi kujera mai kyau. Ya karanta mata fom ɗin daga farko har ƙarshe, tana gyaɗa kai, ta ce duk haka aka yi. Ya buɗe gwangwanin tawada ya miƙa hannu zai kama yatsanta, sai ta ce ya dakata.

Ta ce, "Malam, in na dangwala me zai faru?"

Ya ce, "Za a bar 'yarki a kan aikinta, Inna."

"Har yaushe?"

"Shekara uku."

"In ban dangwala ba fa?"

Ya dube ni, na ce, "Za ta ajiye aiki wata mai zuwa."

Ta dubi babban yatsanta kamar yau ta fara ganin sa, sannan ta tura hannun cikin mayafi ta rufe. Na ce, Inna, gidanta ne, aikinta ne, ga karatun Auta. Ta ce Auta ƙafafunta biyu lafiyayyu ne, za ta nemi wurin kwana. Magatakarda ya ce, "To Inna, kina nufin abin da ke takardar nan ba gaskiya ba ne?" Ta ce, "Ban ce ƙarya ba ne, ni ba na rantsuwa a kan ƙarya. Cewa na yi yatsana ba zai hau ba." Ya rufe tawadarsa ya ce shi ba ya tilasta wa kowa, ya sha ruwa na mai da shi.

Da na dawo na ce mata, "Inna, jiya fa kin gane maganar." Ta ce, "Yau ma na gane." Na sake gwadawa yau da safe, na durƙusa mata, abin da rabona da yi tun ina saurayi. Na ce mata ke za ki ɗauka ni na zuga ta. Sai ta ce in ɗauko biro in rubuta miki saƙo yadda ta faɗa, kada in gyara mata kamar yadda nake gyara maganar mutane a rediyo. Ga shi:

"Ka gaya mata ban ruɗe ba, kada ta ce tsufa ne. Da hankalina na yi. Ranar da na faɗi, ina kwance a ƙasa ita nake kira, ba kai ba, kada ka ji haushi. Shekara uku ba ni da tabbacinsu. Ta yi fushi in tana so, amma ta zo ta yi shi a nan."

Na ji haushin, amma na rubuta. Ga fom ɗinki na mayar miki yadda ya zo. Ban san abin da zan ce miki ba, Yaya. Na samu abin da nake so kuma ban ji daɗinsa ba.

Ƙaninki.

9 ga Oktoba

Ƙanena,

Sallama. Wata guda ban rubuta ba, ban kuma ɗauki wayarka ba, ka sani da gangan ne. Sau uku na fara wasiƙa ina yagawa, don abin da ke ciki bai kamata 'ya ta aika gidan da uwarta take ba. Na yarda ba kai ka zuga ta ba. Wanda zai iya zuga Inna ba a haife shi ba tukuna.

Fom ɗin ya iso sha uku ga wata. Kwana biyu yana kan teburina, ga tawadar hatimi a buɗe kusa da shi, ga yatsana. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin abin. Amma shekara talatin da ɗaya ban taɓa sa hannu a madadin mai wasiƙa ba, ban ga dalilin da zai sa in fara da uwata ba. Ran sha biyar na tashi aiki ƙarfe huɗu kamar kullum, na shiga ɗakin rajista na kulle ƙofa na yi kukana.

Yau aka yi shayin. Shugaba ya yi dogon jawabi a kan Ranar Gidan Waya, ya yi gajere a kaina. Sun ba ni agogon bango an rubuta shekara sittin a jiki da ruwan zinariya, na karɓa na yi godiya. Da safe mun ji shirinka. Ka karanta gada, ka yi shiru kaɗan kafin ka danna ƙararrawa, mai gadona ta ɗauka rediyon ne ya ɗauke. Na miƙa mata makullai ƙarfe biyu. Wannan ce wasiƙa ta ƙarshe da na buga wa hatimi da hannuna.

Auta ta samu gado a ɗakin ɗalibai, su shida a ɗaki. Ta ce babu komai, amma na ga idonta. Kayan da ba zan iya ɗauka ba na rabar. Mota za ta taso da ni ran ashirin ga wata, mu iso da la'asar in Allah ya yarda. Ban huce ba, kada ka shirya mini wata tarba.

Ka karanta wa Inna wannan yadda na rubuta, kai ma kada ka gyara. Na ji saƙonta, kuma ina zuwa da fushina kamar yadda ta ce. Shekara uku ta hana ni, to a gabanta zan yi su. Ta cinye abin da aka zuba mata a kwano, ta sha ƙwayoyinta, ta bar shiga banɗaki ita kaɗai, don ban yarda ta rage mini ko wata ɗaya a ciki ba.

Yayarka.